Yadda ake zuwa zamiyar ƙanƙara a filin kulob a Niyu Zilan, tun daga Christchurch har kan igiya

Tun da hotunan da na ɗauka a kan dutse suka zaga hannu, 'yan uwa da ke karatu a Jami'ar Canterbury da ta Lincoln, da wasu masu shirin zuwa, suke ta yi min tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa, me ake kashewa, kuma wane irin ƙarfe ne wannan da ke rataye a ƙuguna? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a ƙofar masallaci bayan an sallame Juma'a, shi ya sa na zauna na rubuta.

Filin zamiya iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai na kamfani, irin su Mt Hutt, inda kujera ke ɗaga ka sama kana zaune, an share maka dusar ƙanƙara sumul, ka biya ka more ka tafi. Akwai kuma na kulob, wanda mambobi ne suka mallaka, su suka gina ɗakunan kwana da hannunsu, su ke gyaran hanya, kuma ba don riba suke yi ba. Duk wanda ya je can baƙo ne a gidan mutane, ko da ya sayi tikiti. A kan irin na biyun nake magana.

1. Zaɓi fili daidai ƙarfinka

Yawancinsu suna jere ne a tsaunukan yammacin Christchurch, a kan babbar hanya mai lamba 73 da ke bi ta mashigin dutse na Arthur's Pass: Mt Cheeseman, Broken River, Craigieburn Valley, sai Temple Basin can gaba. Mt Olympus yana cikin tsaunukan nan amma ta wajen Windwhistle ake shiga. A tsibirin arewa akwai Tukino a gabashin dutsen Ruapehu da Manganui a dutsen Taranaki.

In ba ka taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafarka ba, Cheeseman za ka nufa. Kulob ɗin ya samo asali tun 1929, yana da gangare mai sauƙi, ana koyarwa, kuma abin da ke jan mutum sama sanda ce mai kan gicciye da ake jinginawa a bayan cinya, ba sai ka koyi kama igiyar da ke jan mutum sama a sauran filayen kulob ba.

Gargaɗi: kada abokai su ja ka Craigieburn a fitarka ta farko. Can ba a share dusar ƙanƙara da inji, gangaren yana da tsauri, tsayinsa daga ƙasa zuwa sama wajen mita 500, kuma igiya uku ce kaɗai hanyar hawa. Ma'aunina shi ne wannan: sai ka iya juyawa hagu da dama, ka iya tsayawa cak inda ka ga dama a matsakaicin gangare, sannan ka doshi filin igiya. Kwana uku zuwa biyar na koyo a wurin malami ya ishi yawancin mutane su kai nan, wasu sukan fi haka, ba abin kunya ba ne.

2. Lokaci da duba yanayi

Sanyin nan a watannin damunarmu yake zuwa. Filayen kulob sukan buɗe cikin Yuli su rufe cikin Satumba ko farkon Oktoba, gwargwadon dusar da Allah Ya saukar, domin yawancinsu ba su da injin yin ta. Agusta ya fi tabbas. Satumba kuma ya fi daɗi ga mai koyo, rana ta yi tsawo, dusar ta yi laushi.

Daren da za ka tafi da safiyar tafiyar, duba abu huɗu: rahoton da kulob ɗin ke fitarwa kowace safiya, hasashen kan duwatsu na MetService, hukumar yanayi ta ƙasar, halin da hanya ta 73 take ciki, da hasashen zaftarewar dusar ƙanƙara da ke shafin avalanche.net.nz. Iskar arewa maso yamma ce babbar abokiyar gaba. In ta taso da ƙarfi ana rufe fili ko da a Christchurch rana tana haske tar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga an yi dusa mai yawa cikin dare a fito da asuba da murna. Sau da yawa ranar ce ba a buɗewa da wuri, masu sintiri suna can suna tayar da dusar da ke barazanar zubowa, masu inji suna share hanya.

3. Kaya

Kada ka ɗauka za ka sami hayar alluna da takalma a kan dutse. Wasu filayen suna da ita, wasu babu ko ɗaya. Ka yi haya tun jiya a Christchurch ko Darfield, ka sa takalmin da safar da za ka sa gobe, ka tsaya da shi minti goma a shagon. Takalmin da ya ɗan matse ka a shago zai sa ka hawaye da azahar. Safa ɗaya mai kauri daidai ta isa, ninka biyu yana hana jini gudu, ƙafa ta ƙara sanyi.

Sutura hawa uku ce: ta cikin ciki ta ulu ko ta roba mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska. Ban da auduga ko kaɗan. Singileti da wandon jins in suka jiƙe da gumi ba sa bushewa, sai su zame maka ƙanƙara a jiki. Ƙara da hular kwano, tabarau na zamiya, da man kare rana. Na san wani zai ce baƙar fata ina ruwanta da man rana. Ni ma haka na ce, sai da leɓena ya tsage, hancina ya saluɓe. Ranar ƙasar nan tana da kaifi, ga dusa tana mayar da ita fuska daga ƙasa.

Sai kayan igiya guda uku, waɗanda ake haya ko saya a ofishin tikitin filin: ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, ƙarfen da suke kira natkiraka wanda ke ɗaure da ɗamarar da gajeriyar igiya, da wata fata da ake sawa a kan safar hannu. Kada ka raina fatar nan. Igiyar takan cinye sabuwar safar hannu mai tsada kafin la'asar.

4. Inda kuɗi ke tafiya

Tikitin yini a filin kulob ya fi na manyan filayen kamfani araha nesa ba kusa ba, kuma akwai ragi ga ɗalibai da yara, saboda haka ka riƙe katin makaranta. Amma tikiti ba shi ne babban kashi ba. Ka lissafa hayar alluna da takalma, hayar ɗamara da natkiraka, hayar sarƙar taya, man mota na tafiyar da ta haura kilomita ɗari kowane zuwa, kuɗin malami in za ka ɗauka, sai kwana da abinci. Mutum huɗu a mota ɗaya ya fi komai rage nauyi. Wanda ke son zaga filaye da dama a shekara ɗaya ya duba tikitin haɗaka na Chill, wanda ke aiki a yawancin filayen kulob na yankin. Wanda kuma ya san zai dawo fili ɗaya sau da yawa, zama mamba ya fi masa.

Game da rauni: hukumar ACC tana ɗaukar nauyin jinyar hatsari ga duk wanda ke cikin ƙasar, har baƙo mai bizar ziyara. Amma ba ta biyan rashin lafiyar da ba hatsari ba, ba ta mayar da mutum gida. Inshorar tafiya tana nan da amfaninta.

5. Mota, sarƙa da hanya

Daga Christchurch zuwa mararrabar su Cheeseman da Broken River da Craigieburn tafiyar awa ɗaya da rabi ce in hanya lafiya. Cika tanki a Darfield ko Springfield, domin da ka hau Porters Pass gidan mai ya yi nisa. Tuƙi a hannun hagu ake yi, ka sa wannan a ranka musamman lokacin da kake fitowa daga ƙaramar hanya zuwa babba, nan ne hannu ke komawa abin da ya saba.

Daga kwalta za ka sauka kan burji mai kwana-kwana, wani wurin mota ɗaya kawai yake ci, gefe guda kuma rami ne. Sarƙar taya dole ce a cikin but ko da motarka mai jan ƙafa huɗu ce. Ana ɗaura ta ne a tayoyin da injin ke juyawa: in motar gaba take ja, a gaba. Ka koyi ɗaurawa a ƙofar gida da rana tsaka, sau biyu, ba a gefen dutse da yatsu a sandare ba. Bayan ka ɗaura ka yi 'yar tafiya kaɗan, ka tsaya ka ƙara ɗaurewa. Riƙe tsohuwar safar hannu da leda ko buhun da za ka durƙusa a kai.

Gargaɗi: ka ɗaura a wurin da aka tanada, tun kafin taya ta fara sulɓi. Wanda ya ce bari in gwada sa'a, shi ne yake tsayawa a tsakiyar hawa ya tare wa mota ashirin hanya. In motar haya ce, karanta takardar yarjejeniya. Na taɓa karɓar mota a wani kamfani, sai da na dawo na gane inshorarsu ba ta shafi hanyoyin filayen zamiya ba, Allah dai Ya rufa asiri ban ƙwarzane ta ba.

Hanyar Mt Olympus tana da nata tsari: akwai rediyo a bukkar ƙasa, sai ka kira sama ka tambaya ko akwai mai saukowa kafin ka hau zangon ƙarshe.

6. Daga wurin ajiye mota zuwa ofishin tikiti

In za ka kwana, bar motar cikin giya ka sa dutse a bayan taya, domin birkin hannu yakan daskare ya ƙi saki. Kada ka bar komai a waje. Akwai wani aku na kan dutse da ake kira kiya, kore-kore mai jan ƙarƙashin fiffike, wanda ya fi ɗan akuya ɓarna: yana yage robar waifa da ta gefen gilashi, yana buɗe zif ɗin jaka. Doka ta kare shi, kuma an hana ba shi abinci.

Wurin ajiye mota ba shi ne filin ba. A Temple Basin tafiya ce a ƙafa ta kusan awa guda, hawa zalla, kayanka kuma ka ɗora su a kan akwatin waya da ke jan kaya sama. Saboda haka ka zo da takalmin tafiya mai ƙarfi, na zamiyar ya bi kaya. A Broken River akwai ɗan tarago da ke hawa kan dogo zuwa wajen masaukai, daga nan a ƙarasa da ƙafa. A ofis ka faɗi gaskiya cewa yau ce ranarka ta farko a igiya. Za a haɗa ka da wanda zai nuna maka, kuma ba wanda zai yi maka dariya, kowa a wurin ya sha ƙasa a kanta.

7. Hawan igiya

Nan ne ake yin ta. Igiya ce doguwa mai kauri da inji ke juyawa ba tsayawa, tana gudu a daidai ƙugu, tana bi ta kan ƙananan fuli, wato ƙafafun ƙarfe masu juyawa, da aka kafa a jikin turaku har saman dutse. Hannu ba zai iya wuce fulin nan ba, shi ya sa aka ƙirƙiro natkiraka. Kamarsa ɗaya da awartakin maƙeri: baki mai cafkar igiya, da hannaye biyu da kake matsewa. Bakin ƙarfen ne ke bi ta kan fuli, nauyinka kuma yana kan ɗamara.

Kafin ka matso, ka cusa duk abin da ke reto. Igiyar tana murɗawa yayin da take gudu, takan naɗe abin da ta samu. 'Yan uwa mata, gefen hijabi ko mayafi da jelar kitso su shige cikin riga a ja zif har wuya, ƙaramin hijabi mai kama fuska a ƙarƙashin hular kwano ya fi. Maza masu naɗa ƙyalle a wuya, ku cire. Igiyoyin jakar baya ma a ɗaure su.

Ga yadda ake bi:

Na farko, tsaya a gefen igiya, allunanka suna kallon sama a kan sawun da na gaba suka bari. Sandunanka biyu su rataya a wuyan hannun da ke nesa da igiya, shi ne kuma ke riƙe da natkiraka a buɗe.

Na biyu, ɗora hannun da ke kusa da igiya, mai fatar nan, ka bar igiyar ta riƙa zamewa a tafinka, sannan ka matse a hankali kamar mai sakin kulocin mota. Wanda ya damƙe gaba ɗaya, fizge shi za ta yi ya kifa da fuska.

Na uku, jira sai gudunka ya zo daidai da na igiya, wato ta daina zamewa a hannunka. Wannan ne sirrin duka. Muddin tana zamewa, ƙarfen ba zai kama ba.

Na huɗu, wurga natkiraka ta ƙarƙashin igiya, hannunsa ɗaya ya zagayo ta sama ya faɗo tafinka, ka haɗe biyun ka matse.

Na biyar, ɗauke hannunka daga igiya, ka ɗan jingina baya ɗamara ta ɗauki nauyin. Riƙe ƙarfen a kwance, hannayensa suna fuskantarka. Za ka ji ƙarar "ƙwas" da ɗan girgiza duk sanda ya wuce fuli. Ka ɗan janye ƙugunka daga turken, kada ka saki.

Gargaɗi mafi girma: in fuli na farko ya matso ba ka kama ba, saki igiyar, ka koma layi. Yatsu ba sa ja da ƙarfe. Kuma ko da wasa kada ka ɗaure hannayen natkiraka da roba ko igiya don hannunka ya huta. An yi shi ne ya buɗe da kansa da zarar ka saki, wannan ne kariyarka.

In ka faɗi a tsakiya, saki kawai, ka mirgina gefe da sauri domin akwai mai zuwa a bayanka. A sama kuwa ka buɗe hannu a wurin da aka yi alama, ka zame gefe. Gaba kaɗan akwai siririyar igiyar tsaro da ke kashe injin in mutum ya wuce wurin sauka. Da ka sauka ka soke ƙarfen a ɗamara, in ka bar shi yana lilo gwiwarka za ta ba da labari.

Ranata ta farko sau bakwai ina faɗuwa kafin in wuce turke na biyu. Wata dattijuwa da ta haura sittin ta tsaya tana kallona, ta ce matsalata ɗaya ce, ina gaggawar wurga ƙarfen tun igiya tana zamewa. Ta ce in ƙirga uku bayan na fara tafiya. A karo na takwas na kai sama. Masu allo ɗaya mai faɗi sun fi shan wuya, domin a wani ɓangaren bayansu ne ke fuskantar igiya.

8. Saukowa da iyakar fili

Zagayen farko ka bi wani ɗan gida, ka tambaye shi ina duwatsu suke ɓoye, ina ne ke ƙarewa da gaɓa. A wannan ɓangaren duniya gangaren da ke kallon arewa ne ke samun rana ya yi laushi da wuri, mai kallon kudu yakan zauna da sanyi da tauri. Wanda ke gabanka a gangare shi ke da hanya, kai za ka kauce masa.

Inda aka sa alamar rufewa, a rufe yake, ko da ka ga sawun wani. Bayan iyaka kuma babu mai tayar maka da dusa. Hasashen zaftarewa mataki biyar ne, daga 1 zuwa 5, kuma mataki na 3 ya isa ya binne mutum. Masu fita wajen iyaka suna ɗauke da na'urar da ke aika sigina daga jikin wanda ya binne, da shebur, da doguwar sandar caka dusa, sun kuma yi kwas na amfani da su, domin bayan kamar minti 15 a ƙarƙashin dusa damar fitowa da rai tana raguwa ƙwarai. Shekararka ta farko ba ruwanka da can. In hatsari ya faru cikin fili, masu sintiri za ka nema, sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a nan. Lambar gaggawa ta ƙasa 111 ce.

9. Kwana a masauki

Ka kama gado tun da wuri, musamman ƙarshen mako da hutun makarantu na Yuli. Gadaje masu hawa biyu ne, ɗaki ɗaya mutum da yawa, ka tambaya ko za ka zo da jakar barci da tawul. Lokacin da kake kama gadon ne za ka faɗi cewa ba ka cin naman alade, ko ka ce abincin marasa cin nama kake so, domin kayan miya daga gari ake hawo da su, mai girki ba shi da kasuwa a bayan ɗaki. In kana son ɗakin maza zalla ko na mata zalla, shi ma a lokacin za ka nema. Ana shan giya da dare, ka ɗauki shayinka ka zauna cikin mutane, ba wanda zai takura maka.

Akwai takardar rabon aiki a bango: wanke-wanke, yankan albasa, shara, wanke banɗaki, kwashe dusa daga matakala. Sunanka yana ciki, haka na likita da na malamin jami'a da ke gadon sama. Ka yi naka ba sai an neme ka ba. Jiƙaƙƙun kaya da takalma a ɗakin shanya ake barin su, ba a shiga da su wurin kwana.

Sallah kuma, rana gajeriya ce a Yuli, takan fito wajen ƙarfe takwas ta faɗi wajen biyar, saboda haka azahar da la'asar suna kusa da juna, ka tsara hutun abincin rana da su. Alƙibla daga nan yamma take da ɗan karkata kudu, abin da ya ɗaure min kai kwanakin farko, ni da na tashi ina fuskantar gabas. Yi alwala da ruwan ɗumi a masauki, ka goge jiki sosai kafin ka mayar da safa.

10. Saukowa gida, da zama mamba

Ka bar igiya tun da sauran haske da sauran ƙarfi a cinya, domin yawancin faɗuwar banza a zagayen "bari in ƙara ɗaya" take zuwa. Mayar da ɗamara da natkiraka ofis. A kan burji ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, birki a taɓa shi a hankali, ka kuma ba mai hawowa hanya sai in alama ta ce akasin haka. Cire sarƙa da zarar dusa ta ƙare, tafiya da ita a kan kwalta tana tsinka ta, ta kuma ci taya. Kula da inuwar da ke Porters Pass bayan magariba, ruwan da ya narke da rana yakan daskare a kan kwalta ba ka ganinsa.

In wurin ya kwanta maka, tambayi ofis takardar shiga kulob. Mamba yana biyan kuɗin shekara, ya sami ragin tikiti da na kwana, kuma ana sa ran ganinsa a aikin gayya lokacin zafi, tsakanin ƙarshen shekara da watan Afrilu ko Mayu: fenti, faskaren itace, gyaran magudanar hanya, shafa wa fuli giris, ja da sabuwar igiya zuwa sama. Ka zo da takalmin aiki da safar hannu ta fata, abincin rana yawanci kulob ne ke bayarwa.